Muna da masu tace fim, ina masu auna shi?

A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin cewa ana sakin su ba tare da an kai mata ta duba ba. An yi ta cece-kuce a rediyo da Facebook, wasu na jinjina wa hukumar, wasu na cewa za ta kashe wa matasa kasuwa. Na bi muhawarar gwargwadon hali, kuma abin da ya ɗaure mini kai shi ne ban ji wanda ya tsaya ya ce wanne ne daga cikin 22 ɗin nan mai kyau, wanne ne aikin banza, kuma saboda me. Duk an zuba su a buhu ɗaya an ɗaure.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. A ƙarshen 2000, bayan ƙaddamar da Shari'a, gwamnatin Kano ta hana harkar fim, sannan a 2001 ta kafa hukumar tacewa. A 2007, bayan abin kunyar da aka fi sani da badaƙalar Hiyana, aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni. A ƙarshen 2008 aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a kan fim ɗinsa Tsintsiya, wanda a shekarar ce ya ci kyauta a bikin fina-finai na Zuma a Abuja. Daga baya babbar kotu ta soke hukuncin. A 2016 aka yi ca a kan shirin gina alƙaryar fim a Ƙofa ta Ƙaramar Hukumar Bebeji har gwamnatin tarayya ta janye. A kowane karo tambayar ɗaya ce: shin fim na ɓata tarbiyya? Tambaya ce mai muhimmanci, ba na raina ta. Amma shekara 25 ke nan ita kaɗai muke yi.

Tacewa daban, aunawa daban. Mai tacewa aikinsa ya cire tsakuwa daga cikin shinkafa. Ba ruwansa da ko shinkafar ta dahu. Fim zai iya tsallake hukuma ba a yanke masa ko daƙiƙa guda ba, jaruma ta yi lulluɓi har ƙasa, babu rawa babu waƙa, amma ya kasance labarin ba kai ba gindi, maganganun 'yan wasa kamar karatun allo, sauti na ɓacewa yana dawowa. Irin wannan fim ma ɓarna yake yi, domin yana koya wa mai kallo yarda da aikin ha'inci.

To wa ke auna fim a yau? Mai karatu, idan kana son amsa ka zo garinmu Ɗambatta, a kan hanyar Kano zuwa Daura, ka zauna a shagon masu tura fim a waya ranar da kasuwa ke ci. Manomi da ya sayar da buhun gero ko ɗan akuya zai miƙa wayarsa ko mimorinsa, ya ce wa yaron shago, "Zuba mini masu daɗi." Yaron nan da ke gaban kwamfuta shi ne alƙali, shi ne ɗakin ajiya, shi ne mai sharhi. A hannunsa akwai tsohon Indiya na zamanin Amitabh da Dharmendra, da sabon Indiya fassarar Algaita, da na Sin masu faɗan takobi, da na Turkiyya, da camamar marigayi Rabilu Musa Ibro, da Izzar So kashi na ɗari da wani abu. Abin da ya zaɓa shi za a kalla da daddare a ƙauyukan da ke kewaye da mu, mutum biyar ko shida a kan waya guda. Mafi yawan abin da ke cikin kwamfutar nan bai taɓa bi ta ofishin hukumar tacewa ba, kuma zai yi wuya ya bi.

Kada wani ya ɗauka waɗannan masu kallo ba su da ma'auni. Suna da shi, kuma mai kaifi ne. Za ka ji an ce wannan fim "ya cika ja," ko "bos ɗin ba shi da kwarjini," ko "ƙarshen bai zauna ba." Tsoho zai gaya maka dalilin da ya sa har gobe ba a manta da Gabbar Singh na Sholay ba, fim ɗin 1975, alhali mugun da ya gani a fim ɗin makon jiya ko sunansa bai riƙe ba. Wannan sharhi ne na gaske. Illarsa kawai a bakin shago yake farawa, a nan yake ƙarewa. Ba ya isa kunnen darakta a Kano.

Waɗanda ya kamata su ɗauki wannan magana su rubuta ta, su faɗaɗa ta, mu ne 'yan boko, kuma mu ne muka fi kowa gudun ta. Likita ko lauya ko malamin jami'a zai kwana yana kallon fim ɗin Amurka ko na Koriya, ya yi maka bayanin ƙullin labarinsa dalla-dalla, amma da ka ambaci fim ɗin Hausa sai ya taɓe baki ya ce shi ba ya kallon shirme. (Sau da yawa ana kallonsa a falon gidansa kowane dare, shi ma yana satar kallo ta gefen jarida.) An yi ƙoƙari a baya. Mujallar Tauraruwa, wadda a cikinta aka fara amfani da sunan Kannywood, da mujallar Fim ta Ibrahim Sheme da ta fara fitowa a 1999, sun buɗe fili. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce masu zurfi a kan yadda fim ɗin Hausa ya aro daga Indiya. Sai dai galibin nazarin jami'a da Turanci yake, cikin littattafan da furodusa ba zai gani ba, mafi yawan abin da ake yi da Hausa kuwa ya koma labarin wace jaruma ta yi aure, wace ta fito.

Ga abin da rashin sharhi ya jawo. Tun da kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta durƙushe aka koma YouTube, kuɗin furodusa ya dogara ne a kan yawan masu kallo da tsawon lokacin da suka ɓata. Saboda haka labarin da zai ƙare a kashi 13 sai a ja shi shekaru, a yi ta gaisuwa, a yi ta shiga mota ana fita. Babu wanda ke da murya mai nauyi da zai ce wa mai shiri ya isa haka. Haka kuma babu mai yaba wa wanda ya yi abin kirki yabon da ke da hujja. Kwana Casa'in na tashar Arewa24, wanda ya fara a 2019, ya ɗauki siyasarmu ya ajiye ta a wata jiha ta ƙirƙira mai suna Alfawa, ya nuna yadda ake sayen ɗan jarida da yadda asibitin gwamnati ke cin talaka. Wannan ya cancanci a zauna a tattauna inda ya dace da inda ya yi zuzutawa. Sannan akwai abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya: a mafi yawan fina-finanmu baƙauye wawa ne, abin dariya, mai ɗamara da igiya. Mutanen da ke noma gero da dawa da gyaɗa, masu noman rani a bakin madatsar ruwa ta Tomas, su ne ke biyan kuɗi a tura musu fim ɗin da ke yi musu ba'a. Rikicin gadon gona, tsadar taki, ɗan da ya tafi ci-rani bai dawo ba, duk labarai ne da suka fi soyayyar ɗan mai kuɗi da 'yar talaka nauyi, amma ba kasafai ake taɓa su ba.

Ba kuma a auna sabo sai da tsoho, mu kuwa tsohon namu yana salwanta. Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, wanda ake ɗauka shi ne fim ɗin bidiyo na Hausa na farko a 1990, matasa nawa ne suka taɓa ganinsa? Ƙasarmu Ce na Saddik Balewa fa, na 1991? Kaset ba ya jure zafi da ƙura, kuma kamfanoni da dama da suka yi fina-finan farko sun watse da kayansu. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓata, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya a Jos. Wata cibiya ta Jamus ce ta taimaka aka gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Wato Bajamushe ya ga Shaihu Umar garau a majigi, yaron shagonmu kuwa bai ma san akwai shi ba. A 2024 Nijeriya ta aika da fim ɗin Hausa, Mai Martaba, gasar Oscar. Bai kai zagayen gaba ba, mu kuma ba mu zauna mun tambayi kanmu me ya rage masa ba.

Ali Nuhu, wanda aka naɗa shugaban hukumar ta Jos a Janairun 2024, ya fi kowa sanin inda tsofaffin kaset suke da waɗanda ke riƙe da su. A tattara su, a mayar da su na kwamfuta, a biya masu su haƙƙinsu, sannan a bar su su shiga shagunan tura fim, tunda nan ce hanyar da ke kaiwa ƙauye. Ita kuma hukumar Kano, duk fim ɗin da ta duba ta riƙa wallafa abin da ta yanke da dalilinta, da shekarun da suka dace a kalle shi, domin uba ya san abin da zai bari a zuba wa ɗansa. Gidajen rediyon Kano masu zaman kansu, da ke ba 'yan siyasa sa'o'i kowane dare suna zagin juna, za su iya ware rabin sa'a a mako a ɗauki fim guda, tsoho ko sabo, na gida ko na waje, a gayyato darakta da malamin adabi da ɗaya daga cikin yaran shagon nan, a buɗe layin waya ga masu kallo.