Gyauron bayan ɗaki: kabewa ce ko duma?



Ruwa ya zauna, ƙasa ta sha ta ƙoshi, kuma a gidaje da dama an wayi gari da wani tsiro mai kunne biyu a gefen juji, ko a bakin makwarara, ko a tsakiyar kunyar alayyafo. Babu wanda ya shuka shi. Gyauro ke nan: 'ya'yan kabewar da uwargida ta watsar ranar da ta yi taushe, ko na kankanar da yara suka tofar da bazara.

Bara gwaggona ta yi wata biyu tana hidimar irin wannan yaɗo. Ta kafa masa rumfa, ta yi ta fama da awaki, har ta yi wa maƙwabta alkawarin miyar taushe. Ran nan na je gaishe ta gab da magariba, sai na tarar da fararen furanni sun buɗe a kan rumfar. Na ce, "Gwaggo, ai wannan duma ne." Ta harare ni, ta ce, "Kai yaro, yaushe aka haife ka?" Da kaka ta yi, ludaya ta samu, masu kyau kuwa, da ɗaya daga ciki nake shan fura yanzu.

Ban ga laifinta ba. A kwanakin farko dangin nan duk kamarsu ɗaya, kunne biyu ne kawai. Sai ganye na gaskiya ya fito ake fara rarrabewa. Ganyen kabewa faffaɗa ne, mai kaushi, kana shafa shi za ka ji gashinsa na sukar hannu. Na duma laushi gare shi kamar karan-miski, in ka murza shi kuma sai wani wari ya biyo yatsunka. Na kankana da guna a tsattsage yake, ba ya ɓuya. Fure ne dai ke raba gardama. Na kabewa babba ne, ruwan ɗorawa, da sassafe yake buɗewa, kafin azahar ya yi yaushi. Na duma fari ne, sai rana ta yi sanyi yake buɗe ido. A kuma leƙa ƙarƙashin furen: macen fure tana ɗauke da ɗan ƙullutu, wanda siffarsa ke nuna abin da za a haifa, zagayayye ne ko mai dogon wuya.

To, amma sanin suna bai gama magana ba. Ƙudan zuma na yawo daga wannan fure zuwa wancan, ba ruwansa da danga. Kabewa ba ta barbara da duma, wannan camfi ne, jinsinsu ya yi nisa. Kankana da guna kuwa 'yan gida ɗaya ne, suna haɗuwa. Ba a ganin komai a wannan shekarar, sai 'ya'yan da ke cikin kankanar sun tsiro baɗi. Shi ya sa gyauron kankana mai zaƙi kan ba da kankana mai fari a ciki, lami, ko mai ɗaci. Albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Wannan ɗacin shi ne abin tsoro. Masana na kiran sinadarin da ke kawo shi kukurbitasin, makami ne da tsiron ke kare kansa da shi daga dabbobi. Wuta ba ta kashe shi, komai daɗewar tukunya a murhu. Yana sa amai da gudawa da murɗar ciki jim kaɗan bayan an ci. A shekarar 2015, a kudancin Jamus, wani dattijo mai shekara 79 ya rasu bayan ya ci girkin zukini, wani dangin kabewa da aka noma a lambun gida. Abincin ya yi ɗaci, ya daure ya ci.

Na san wani zai ce ai garahuni ma da ɗaci, shuwaka ma haka, kuma muna ci lafiya. Gaskiya ne, amma su an san su da ɗacinsu tun kaka da kakanni. Kabewa ba halinta ba ne. Mu kuwa mun saba ɗaukar duk abu mai ɗaci a matsayin magani, ga kuma ƙyashin zubar da abinci a wannan tsadar.

Ban ce a tumɓuke kowane gyauro ba. In akwai fili, a bar shi, sau da yawa ya fi na shuka ƙarfi don a kan taki ya tashi. Amma iyayenmu mata, don Allah, kafin kabewar gyauro ta shiga tukunya, a yanki ɗan ƙanƙani ɗanye a taɓa a harshe. In an ji ɗaci a tofar, a cire yaɗon gaba ɗaya, kada a ba dabbobi, kada a ajiye irin. Wanda ya riga ya ci kuma cikinsa ya ɗauka, a garzaya da shi asibiti, a tafi da ragowar abin da ya ci.