FILIN MATA: Hirar Masu Lambu a Tsakar Gida

  Ga shi damina ta ɗauke, iska ta juya, hunturu ya kunno kai. Wannan kuwa shi ne lokacin da tumatir da salak da karas da albasa su ke so, gama ba su shiri da zafin bazara, ba su kuma son ruwa mai yawa irin na watan Agusta. Saboda haka yau zancen lambu za mu yi. Zancen na kowa ne, amma ya fi shafar waɗanda ke zaune kusa da ma'aikatun Kano, watau mutanen Sharaɗa da Ja'en, da na Panshekara da Kumbotso a gefen Chalawa, da na Dakata da Gama da Tudun Wada a gefen Bompai.

Mace mai ɗan lambu a bayan ɗaki ta fi ƙarfin wulakancin kasuwa. Waɗanda ba su manta ba sun san abin da ya faru cikin 2016, sa'ad da wata tsutsa ta auka wa gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har mutane su ka sa mata suna Ebolar tumatir. Miyar dage-dage ta gagari gidaje da yawa a shekarar nan. Wadda ta ke da zogale da yakuwa da kuɓewa a gida kuwa ba ta kwana da tuwo gaya ba. Amma lambu ba ya yiwuwa sai da ruwa da ƙasa, kuma a unguwannin da na ambata, a nan gizo ke saƙar.

Kwanan baya, a wani taron suna a Panshekara, bayan an ci an sha, hira ta kai ga shuke-shuke. Wata amarya ta dubi wata dattijuwa ta ce, "Inna, ni fa abin nan yana ba ni mamaki. Alayyahun da na shuka a bayan ɗaki ya ƙi gaba ya ƙi baya. Ga wanda ya fito a bakin kwata, inda ruwan kamfani ke bi, kore shar, ganye kamar tafin hannu. Har na ce wa ƙanin maigidana ya riƙa ɗebo mini ruwan nan a jarka."

Dattijuwa ta ajiye goron da ke hannunta ta ce, "Kul, 'yar nan! Kada in sake jin wannan magana. Ba ki san kyan ɗan maciji ba? Tun ina yarinya a ke jima a garin nan, da bagaruwa a ke yi. Wannan na yanzu kuwa ban san kansa ba, amma na ga inda ya bi ƙasa ta yi fari fat, ko ciyawa sai ta zaɓa."

Sai wata uwargida ta karɓe ta ce, "Gaskiyarki, Inna. Baban yara a majema ya ke aiki, ya kuwa gaya mini. Fatar da gishiri ta ke zuwa. Sa'an nan a jiƙa ta da farar ƙasa da wani magani mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, don gashi ya zube. Daga nan a sa ta cikin wani ruwa shuɗi-shuɗi. Duk wannan in an gama, ina za shi in ba kwata ba?"

Wata 'yar sakandare da ke gefe tana tsince shinkafa ta ce, "Goggo, malamarmu ta ce shuɗin nan sunansa kuromiyom, kuma dangin ƙarfe ne." Aka yi dariya, aka ce boko ya yi rana.

To, yarinyar nan ta faɗi gaskiya, bari kuwa in ƙara muku bayani. Kano garin fata ce tun kaka da kakanni. Jar fatar akuya ta ƙasar Hausa ta ƙetare Sahara a kan raƙuma har ta kai Turai, inda a ke kiranta fatar Maroko, domin ta can ta ke biyowa. Majeman da, da 'ya'yan bagaruwa su ke aiki, jimar kuwa tana cin kwanaki. A Amurka ne cikin 1884 a ka fito da hanyar jima da kuromiyom wadda ta karɓu a ma'aikatu, domin tana da sauri ƙwarai, ita ce kuma yawancin manyan majemun duniya ke bi yau. Bompai ce tsohuwar unguwar ma'aikatu a Kano, tun zamanin Turawa. Sharaɗa da Chalawa daga baya su ka zo, a nan ne kuma majemu su ka fi yawa.

Ruwa kuwa ba ya tsayawa inda a ka zubar da shi. Na Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa kogin Chalawa. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, wadda ta riga ta ɗauko dauɗar cikin birni, su tafi tare har madatsar Wasai a ƙasar Minjibir. A gefen waɗannan rafuka akwai masu noman rani da yawa, kuma kayan lambunsu suna shiga kasuwannin Kano. Malaman jami'a sun sha auna ruwan da ƙasar da ganyen waɗannan wurare, sun kuwa sha samun kuromiyom da dalma da kadmiyom a ciki.

Me ya sa ganyen ke yin kyau haka? Domin ruwan yana ɗauke da ragowar nama da kitse da gashi da ƙazantar gari, waɗannan kuwa taki ne. Shuka tana shan takin ta yi fure-fure, amma tare da shi ta ke shan sauran. Ido ba ya ganin ƙarfen da ke cikin ganye, harshe ba ya jinsa. Ba kuma rana ɗaya ya ke kayar da mutum ba, taruwa ya ke yi a jiki kaɗan kaɗan. Kadmiyom ƙoda ya ke ci. Dalma tana rage jini, tana kuma taɓa ƙwaƙwalwar yara ƙanana, yaro ya tashi ba ya gane karatu, a yi ta dukansa a banza. Mai ciki ma tana iya ba ɗan da ke cikinta. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah: cikin 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na ƙasar Zamfara, yara wajen 400 su ka rasu saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da a ke daka a cikin gidaje. Namu bai kai wannan tsanani ba, amma ya isa ya nuna mana ƙasar tsakar gida ba abin wasa ba ce.

Ga wani abu da ya kamata kowace mace ta riƙe. Wanki yana fid da ƙura da laka, tafasa tana kashe ƙwayoyin cuta irin na taifot da kwalara da ƙwan tsutsar ciki, amma ba wankin da zai fid da ƙarfen da ya riga ya shiga cikin ganye, ba kuma wutar da za ta ƙone shi. Ganyaye irin su salak da alayyahu sun fi ɗaukarsa, masu 'ya'ya irin su tumatir da tattasai da kuɓewa ba su kai su ba. Don haka in wuri ya yi miki kaɗan, ganye za ki fara shukawa da hannunki, sauran ki saya. Abin da ki ka sayo kuwa ki wanke shi sarai da ruwa mai tsabta, ki kankare bawon karas, ki yar da ganyen waje na kabeji da salak.

Yanzu yaya za a yi lambun? In gidanki yana kusa da kwatar ma'aikata, ko kuwa ambaliya ta taɓa shigo da ruwanta tsakar gida, kada ki shuka a ƙasa. Ki nemi buhun shinkafa ko na masara, ko tsohon bokiti, ko fasasshiyar tukunya, ki huda gindin don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Ki sa a kawo miki ƙasa daga gona mai nisa da kwata. Kwano biyu na ƙasa, kwano ɗaya na yashi, kwano ɗaya na takin awaki ko na kaji wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa ya ke yi, sai ya kwana biyu a jibge tukuna. Ki ajiye buhunan inda rana ke samunsu daga safe zuwa azahar, ki ɗora su a kan bulo, ki kewaye su da kara ko tsohon gidan sauro saboda kaji da awaki.

Irin alayyahu ƙanana ne ƙwarai, sai ki gauraya shi da yashi ki barbaɗa, kada ki binne da zurfi. Cikin wata guda za ki fara tsinka. Tumatir da tattasai da attaruhu a kan yi musu reno a ƙaramin kwano, in sun yi kamar mako huɗu a dasa su da yamma, guda ɗaya ko biyu a buhu. Albasa mai lawashi ba ta da wuya: gindin da ki ka yanke za ki yar, ki dasa shi, zai toho. Na'ana'a da ɗoɗɗoya reshe kawai su ke so. Zogale kuwa, in ya kai ƙirjinki ki sare kansa, don ya yi rassa ya ba ki ganye inda hannu ke kaiwa.

Ban ruwa da sassafe ko da yamma a ke yi, a gindi, ba a kan ganye ba. Ruwan alwala, da wanda ki ka wanke shinkafa ko gero ko kayan miya, duk kada ki zubar, ki tara a bokiti guda. Ruwan wanki mai omo ko bilic bai dace ba. Ke da mijinki ke aiki a majema ko gidan rini ko na roba, ki ware kayan aikinsa da takalmansa, ki wanke su dabam, nesa da shuka da wurin wasan yara. In rijiyarku ta sake launi, ko ta yi wari, ko ta yi gishiri-gishiri, ku bar shan ta, ku bar ba shuka, a gaya wa duba-gari. In damina ta dawo ki tari ruwan sama, amma ki bar na farko ya wanke ƙura da hayaƙin da ke kan kwano, ki kuma rufe mazubin saboda sauro.

Abu uku na ke roƙonku ku guje wa, ko da kyauta a ka ba ku. Na ɗaya, durom ko jarkar da ta fito daga ma'aikata wadda ba ki san abin da ta ɗauka ba, gama roba tana riƙe magani ko an wanke ta. Na biyu, baƙar laka da tarkacen fata na majema da wasu ke kawowa da sunan taki. Na uku, tokar bola inda a ke ƙona batir da robobi. Tokar murhunki ta itace ita ce mai kyau, a barbaɗa kaɗan.

In ƙwari sun dame ki, ki daka ganyen darbejiya cikin turmi, ki jiƙa shi ya kwana, ki tace, ki yayyafa da tsintsiya da yamma, har ƙarƙashin ganye. Tsutsar da ki ka gani ki cire da hannu. Maganin feshi na gona ba na tsakar gida ba ne, balle inda yara ke rarrafe.

Kada wata ta ɗauka faɗa na ke yi da ma'aikatu. Da albashinsu a ke ɗora tukunya a gidaje da yawa, mun kuma ga halin da mutane su ka shiga sa'ad da masaƙu su ka rufe. Masu lambun bakin Jakara su ma ba mugaye ba ne, ruwan da su ka samu da shi su ke neman abinci. Amma doka ta ce kamfani ya tace ruwansa kafin ya sake shi, tun 2007 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar NESREA don lura da wannan. In kwata ta fashe a unguwarku, kada kowa ta toshe hanci ta shige ɗaki. Ku yi magana a makarantar Islamiyya da wurin adashi, ku sa mazanku su kai wa mai unguwa, shi kuma ya kai gaba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma 'yan makaranta, ga naku aiki. Kowace ta roƙi buhu ɗaya ya zama nata. Ta rubuta ranar da ta shuka, da ranar da ya tsiro, da ranar da ta fara tsinka. In ya yi iri ta bar kai ɗaya ya bushe, ta ƙulle a takarda, ta rubuta sunansa, ta ba ƙawarta ta karɓi wani. Haka iyayenmu su ka yi irin yakuwa da lalo da rama bai ɓace ba. Maƙwabciyar da ki ka aika wa ƙullin zogale kuwa, ba za ta ji motsi a gidanki da dare ta yi shiru ba.

Wadda ta ke da wata dabara da ta gwada ta ga amfaninta, ko wata tambaya, ta rubuto mana, za mu buga don kowa ta ƙaru. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa albarka a abin da mu ka shuka, amin. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.