Ba Girafin Kaɗai Ba Ne

'Yan'uwa ɗalibai, in ana zancen kayan da aka sirance har suka zama falle ɗaya, girafin ake ambata. Shi ne fallen kabon da Geim da Novoselov suka ɓare da salatif a Jami'ar Manchesta a 2004. Mu dai muna ganin yabon ya yi yawa. Lantarki yana gudu a cikinsa, amma tsayar da shi yana da wuya, alhali kwamfuta ba ta aiki sai da ƙananan makunnai masu kunnawa da kashewa.

Ga wanda ba a cika ambata ba: molibdinam disalfaid, da ake sa wa baƙin giris na motoci. Fallensa bai kai nanomita ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita, kuma yana kashe wuta sarai. A 2011 masana a Lozan ta Suwizalan suka ƙera taransista da shi. A shekarar ce kuma Jami'ar Drexel ta Amurka ta fito da MXene.

Abin da ya rage shi ne yin falle mai faɗi marar lahani a masana'anta. Kafin nan, silikon ne a cikin wayoyinmu.