Ƙaramar Bindiga a Aljihu: Ban Yarda Ba

Ya 'yan'uwana ɗalibai, da hutun nan da ya wuce na koma gida Barunde, na iske 'yan Kalare sun tare ƙanena da dare, sun sare shi da adda a hannu, sun ƙwace wayarsa. Yayanmu ya fusata, ya ce lalle sai ya nemi ƙaramar bindiga, watau fistol, ya riƙa yawo da ita. Ban ga laifin fushinsa ba, amma ban yarda ba.

Dokar Bindigogi ta 1959 ta sa fistol cikin makaman da aka hana, lasinta sai daga Shugaban Ƙasa. Ashe wadda Yaya zai samu ta bayan fage ce. Ran da aka kama shi da ita kuwa, shi zai kwana a kurkuku, 'yan Kalare suna barci a gida.

Abin da ya fi damuna shi ne gidanmu. Yara tara ne, ba akwatin da ba su buɗe ba. In ya kulle ta, ina amfaninta sa'ad da ɓarawo ya haura katanga? In ya bar ta ƙarƙashin matashi, hannun wa zai fara taɓa ta?

Ya ce ai a 2022 gwamnatin Zamfara ta ce wa jama'a su nemi bindiga. To, su 'yan bindigar daji ke damunsu. Namu kuwa yaran gari ne, mun san iyayensu, waɗansu ma mun yi firamare tare. Na ce mu kai sunayensu wurin mai unguwa da 'yan sanda. Har na dawo makaranta bai amsa mini ba.