Rubuta "×400" a Ƙasan Hoto Ba Awo Ba Ne

Ɗalibin da ya ɗauki hoton jini da kyamarar madubin likita, ya rubuta "×400" a ƙasansa, bai faɗi girman komai ba tukuna. Lambar ta fito ne daga ninka ƙarfin gilashin ƙasa, 40, da na gilashin ido, 10, alhali kyamarar da aka ɗaura a saman madubin ba ta gani ta gilashin ido. Hoton kuma girmansa a waya daban, a allon aji daban.

A Libreville wannan ba ƙaramar magana ba ce. Gabon ƙasa ce ta tsutsar ido, Loa loa, kuma akwai wata tsutsar, Mansonella perstans, wadda 'ya'yanta su ma suke yawo cikin jini. A jinin da aka shafa aka rina, ɗan Loa yakan kai maikiromita 230 zuwa 250 a tsawo, na Mansonella kuwa 190 zuwa 200, kuma ya fi siranta. Gwani yana duba kube da wutsiya, amma awo shaida ce da kowa zai iya sake gwadawa. Bambancin yana da nauyi, domin maganin ivermectin na iya taɓa ƙwaƙwalwar wanda Loa ta yi wa yawa a jini.

Lissafin ba shi da wuya. Idan faɗin ɗigon kyamara maikiromita 3.45 ne, gilashin ƙasa 40, mahaɗin kyamara 0.5, sai a raba 3.45 da 20: kowane ɗigo na hoto ya tsaya a madadin maikiromita 0.17. Jar ƙwayar jini mai faɗin 7.5 za ta ci ɗigo 43 ko kusa da haka.

Duk da haka, lissafin takarda ya dogara ne da abin da masu ƙera kaya suka rubuta. Abin da ya fi shi ne a ɗauki hoton gilashin awo, mai milimita ɗaya da aka raba gida 100, da kowane gilashin ƙasa, a shigar da sakamakon cikin manhajar ImageJ, wadda kyauta ce. Sannan a zana sandar awo a jikin hoton kafin a rage shi ko a tura shi ta WhatsApp, inda ake matse hotuna. Ya kamata malami ya mayar wa ɗalibi duk hoton da ya zo babu wannan sanda, komai kyansa.