Turare Baƙo Ne, A San Inda Za A Sauke Shi

'Yan'uwa manoma, kowace shekara idan ruwa ya zauna, ƙungiyoyinmu sukan aika a karɓo dashen itatuwa daga ma'aikatan gandun daji. Cikin abin da akan kawo, turare, wanda wasu ke kira zaiti, shi yakan riga ƙarewa. Dalili a fili yake. Yana saurin girma, awaki ba su damu da ganyensa ba, kuma sandarsa tana da kasuwa. Mu ma muna goyon bayan a dasa shi. Maganarmu a kan inda ake sa shi take, gama akwai masu jera shi tsakiyar gonar gero, akwai kuma masu kafa shi a bakin rijiyar lambu.

Asalin turare daga ƙasar Ostareliya ne, kuma irinsa ya fi 700. Wanda ya fi yawa a nan arewa shi ne wanda masana ke kira Eucalyptus camaldulensis. A ƙasarsa a bakin koguna yake tsirowa, inda ruwa yakan cika ya malale, sa'an nan a yi wata da watanni babu ɗigo. Shi ya sa yake jimre wa ambaliya, yake kuma jimre wa fari. Saiwarsa takan nutsa ƙasa ƙwarai, wasu kuma su bazu gefe, nesa da gindin. Mu lura da wannan: jimirinsa daga gwanintar neman ruwa yake. Inda ya sami laima, sai ya sha iyakar shansa, rani da damina, gama ba ya tuɓe ganye.

Bayan farin 1972 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1983 da 1984, hukuma ta ba da ƙarfi ga dashen layukan itatuwa don tare iska a ƙasashen Kano da Katsina. A 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, aka soma wani babban aikin dashe a arewacin jihar da taimakon ƙasashen Turai. Turare da darbejiya suna cikin itatuwan da aka fi amfani da su. Duk manomin Mai'aduwa, Zango, Ɓaure, Sandamu ko Daura ya san abin da iskar farkon damina take yi, yadda takan kwaso rairayi ta binne gero tun yana ganye biyu. Layin itatuwa masu tsawo yana karya ƙarfin wannan iska. Wannan aiki ne na gaske, kada mu raina shi.

Ban da tare iska, yaron da aka sa makaranta ranar dashe, kafin ya gama firamare an soma yankan sandar rufi da ta rumfa. In an sare shi daidai, kututturen yakan toho, ba sai an sake dashe ba. Yana ci da wuta sosai, zuma tana son furensa, mata kuma sukan dafa ganyen a yi sirace idan mura ta kama. Kowane dami na turare da ya shiga murhu, ya ceci reshen wani itace na daji.

To, amma gonar hatsi ba wurinsa ba ne. Daminarmu wata uku ce zuwa huɗu, ƙasarmu kuwa jigawa ce, ba ta riƙe ruwa. Saiwoyin turare na gefe suna bin inda saiwar gero da wake take bi, kuma sun fi ta ƙarfi. A duba kowane tsohon layin turare, za a ga kunyoyin da ke kusa da shi sun fi na nesa ƙanƙancewa. Ganyen da yake zubarwa yana daɗewa bai ruɓe ba, bai cika zama taki ba. Ƙin da awaki suke yi masa, wanda muke murna da shi lokacin dashe, shi ne zai dame mu a watan Afrilu, sa'ad da harawa ta ƙare, muna neman abin da za mu ba tumaki. Babban turare kuma yakan saki reshe ba zato, don haka bai dace da tsakar gida ko turken dabbobi ba.

Gona tana da nata itace, shi ne gawo. Yakan zubar da ganye da damina, hatsi ya sami rana da taki a ƙarƙashinsa. Da rani sai ya yi kore, ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, su kuma su bar kashi a gindinsa. Maƙwabtanmu na hayin iyaka, a Magarya da Matamaye cikin ƙasar Damagaram, sun cika gonakinsu da gawo ta wurin barin wanda ya tsiro da kansa. A Maraɗi, tun shekarun 1980, manoma suka soma gyara tohon kututture maimakon ƙone shi lokacin sassabe. Ba leda, ba ban ruwa, ba kuɗin mota. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ga shawararmu ga kowace ƙungiya. A nemi fili guda wanda ba a nomawa, ko fako, ko bakin kwazazzabo, ko gefen hanya, a yi shi gandun turare na ƙungiya. A dasa a watan Yuli, a bar mita 3 tsakanin itace da itace, a riƙa dubawa saboda gara, gama ita ce babbar abokiyar gabar ƙaramin dashe. A rubuta tun farko wanda zai yi tsaro, da yadda za a raba sanda da kuɗi, don kada abin alheri ya zama shari'a. In layin tare iska ne a gefen gona, a sa shi ta gabas da arewa, a yi shawara da mai gonar da ke maƙwabtaka, kuma a haƙa rami tsakanin layin da shuka don a datse saiwoyin gefe. Fadama da bakin rijiya kuwa, a nisanta shi da su gaba ɗaya.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Dashen da ke cikin leda yau, yaro ma ya iya ɗauke shi ya sake masa wuri. Bayan shekara goma sai gatari, kuma ko an sare, kututturen zai toho a tsakiyar geronmu. Saboda haka kafin motar dashe ta iso bana, kowace ƙungiya ta zauna ta nuna wa baƙon nan masaukinsa.