Tafin da ake yi wa Sarkar

Tun da fim ɗin Sarkar ya shiga gidajen silima a Indiya a watan Yulin 2005, masu kallo ba su daina gardama a kansa ba. Ram Gopal Varma ne ya ba da umarni. Amitabh Bachchan ya fito a matsayin Subhash Nagre, dattijon da birnin Mumbai ke rawar jiki idan ya ɗaga yatsa, Abhishek Bachchan kuma ya fito a ɗansa Shankar, wato uba da ɗa na gaske suka hau matsayin uba da ɗa. An yi masa kashi na biyu a 2008, na uku a 2017, amma har yau na farkon ne ake komawa idan hira ta tashi. Mun saurari ɓangarorin wannan gardama, kuma muna ganin akwai tambayar da mafi yawansu suka tsallake.

Masu yabo su ne suka fi yawa, kuma suna da hujja. Varma ya zubar da abubuwan da aka san fim ɗin Indiya da su: babu rawa a lambu, babu saurayi da budurwa suna guje-guje a kan tsauni, babu mai barkwanci da ake sakowa don a huta. Cikin kusan awa biyu ya gama labarinsa. Amitabh, wanda aka sani da doguwar magana da hargowa tun zamanin ƙuruciyarsa, a nan bai cika buɗe baki ba. Yana zaune cikin baƙaƙen kaya, jan tabo a goshi, carbin 'ya'yan itace irin na mabiya Hindu a jikinsa, yana tsiyaya shayi a ɗan farantin da ake ɗora kofi yana kurɓa a hankali, ɗaki cike da ƙarti amma ba mai tari. Wanda ya kalli wannan zama sau ɗaya ba ya mantawa. Abhishek ma a nan mutane da yawa suka yarda cewa ɗan wasa ne da kansa, har ya karɓi kyautar Filmfare ta mataimakin jarumi. Kay Kay Menon, da ya fito a babban ɗa Vishnu, mai zafin kai da bin mata, ya sa mai kallo ya tsane shi kuma ya tausaya masa a lokaci guda.

Masu suka kuwa kashi biyu ne. Na farko sun ce kwafi ne kawai na The Godfather, fim ɗin Amurka na 1972 da Francis Ford Coppola ya yi daga littafin Mario Puzo. Wannan suka ba ta da nauyi sosai, domin Varma bai ɓoye ba, tun a farkon fim ya rubuta cewa daga can ya sha nono. Kuma ba shi ne farau ba: Feroz Khan ya bi wannan hanya da Dharmatma a 1975, Mani Ratnam ya yi Nayakan da harshen Tamil a 1987.  Kashi na biyun su ne suka taɓo inda ke ciwo. Sun ce fim ɗin wanke hannun masu mulki da tsoka ne, kuma duk ɗan Mumbai ya san wanda aka kwaikwaya.

Mu ma a nan muka tsaya. A duba yadda labarin ya buɗe. Wani talaka ya zo gaban Nagre yana kuka: an yi wa 'yarsa fyaɗe, ya bi hukuma, ba a bi masa haƙƙi ba. Dattijon bai tambayi shaida ba, bai nemi jin ta bakin ɗaya ɓangaren ba. Ya ba da izini, yaransa suka je suka yi wa mai laifin dukan kawo wuƙa. A daidai nan zuciyar mai kallo ke yin sanyi, kuma daga nan an gama da shi. Duk abin da Nagre zai aikata bayan haka, an riga an ba shi lasisi. Ba ma zargin wanda ya ji daɗin wannan wuri. A ƙasar da shari'o'in da ke jibge a kotuna suka haura miliyan arba'in, inda ƙara ɗaya kan ci shekara goma ko fiye, uban da aka zalunta yana da dalilin yin mafarkin wani mai ƙarfi da zai share masa hawaye kafin faɗuwar rana. Tafin da aka yi a silima hukunci ne da jama'a suka yanke wa kotu da 'yan sanda, kuma ya kamata hukumomi su ji shi a haka.

Sai dai fim ɗin ya yi wa mai kallo wayo. Ya tabbatar masa tun farko cewa wanda aka doka shi ne mai laifin, saboda haka babu fargabar an doki marar laifi. Ya nuna Nagre yana ƙin cinikin da Rasheed, ɗan fasa-ƙwaurin da ya zo daga Dubai, ya kawo masa, don a ce ai shi yana da iyakar da ba ya ƙetarewa. Ya tara masa abokan gaba waɗanda kowannensu ya fi shi muni: ɗan siyasa maci amana, malamin addini na bogi, tsohon aboki mai kwaɗayi. Amma bai taɓa nuna mana daga ina kuɗin ke shigowa ba. Wa ke ciyar da wannan runduna ta ƙarti masu bindiga da ke gadin ƙofa dare da rana? Wane mai shago ne ke biyan kuɗin kariya duk wata? Wane magini ne aka hana aiki sai ya kai gaisuwa? Gidan Nagre ba shi da masana'anta, ba shi da gona, amma tukunya ba ta sauka daga wuta. Masu biyan wannan kuɗi su ne fim ɗin ya ɓoye, domin da an nuna fuskar ɗaya daga cikinsu da tafin ya ragu.

Abin mamaki, masana'antar fim ta Mumbai ta fi kowa sanin fuskar masu biyan. A watan Agustan 1997 aka harbe Gulshan Kumar, mai kamfanin waƙoƙi na T-Series, da rana tsaka a bakin wani wurin bauta. A watan Janairun 2000 aka harbi Rakesh Roshan, mahaifin jarumi Hrithik, Allah ya yi da sauran kwanansa. A shari'ar da ta biyo bayan fim ɗin Chori Chori Chupke Chupke, shaidu sun yi ta janye maganarsu, jaruma Preity Zinta ce ta tsaya a kan cewa an yi mata barazana ta waya ana neman kuɗi. Varma kansa ya san wannan duniya. A Satya na 1998 da Company na 2002 ya nuna 'yan daba a yadda suke: masu tsoro, masu cin amanar juna, masu mutuwar wulaƙanci a kwararo. A Sarkar ne ya ɗauko ɗayansu ya zaunar da shi a kujerar waliyyi.

Ko cikin gidan ma, idan aka lura, babu abin sha'awa. Matan gidan aikinsu zuba abinci da zubar da hawaye. Vishnu ya harbe mutum a wurin ɗaukar fim saboda kishin 'yar wasa, uban ya kore shi, maƙiya suka saye shi ya zo kashe mahaifinsa, a ƙarshe ƙaninsa ne ya kashe shi. Shankar, wanda ya dawo daga Amurka da iliminsa da budurwarsa da niyyar yin sana'a mai tsabta, ya rabu da duk wannan ya gaji kujerar. Coppola ya ɗauki irin wannan sauyi a matsayin asara, yaron kirki ya lalace ana kallo. Varma ya ɗauke shi a matsayin naɗin sarauta, da kiɗa da kirari. Masu kallo da yawa sun fito suna murna cewa gida bai mutu ba, alhali sun ga ɗa ya kashe ɗan uwansa uwa ɗaya uba ɗaya.

Wannan magana ta shafe mu, domin mu ma masu kallon ne. Tun zamanin gidajen silima na Plaza da Eldorado da Marhaba a Kano, Bahaushe ya san Amitabh kamar ɗan unguwarsu. A bakin 'yan kallo ne Sanjay Dutt ya samu laƙabin ɗan daba mai lasin. Yau kuma da fassarar Hausa ta sauƙaƙa komai, fina-finan gidajen daba na shiga wayar yaro ɗan shekara goma sha biyu da harshen da ya tashi da shi, har da karin kirari daga bakin mai fassara. Da can ana raba jarumi da bos cikin sauƙi, kuma an san bos zai mutu kafin a tashi. Yanzu bos ɗin ne jarumi. Kuma mun san irin wannan ubangida a garuruwanmu: mai biya wa marayu kuɗin makaranta da hannun dama, yana raba wa matasa ƙwaya da makami da hagu idan zaɓe ya ƙarato. Wanda ya ci alherinsa ba ya son jin zancen wanda ya sha saransa.

Ba ma kiran a hana kallon Sarkar. Fim ne da aka yi da gwaninta, kuma hani ba ya kashe ƙishirwar da ta sa ake son sa. Abin da muke nema daga masu sharhi a rediyo da jaridu, da iyaye, da masu fassara, shi ne su riƙa ɗora tambayar kuɗin nan a kan teburi duk lokacin da aka zo yabon dattijon. Marubutan Kannywood da ke sha'awar irin wannan labari kuma muna roƙonsu su ba ɗan kasuwar da ake tatsa da uwar yaron da aka kashe bisa kuskure nasu wurin a cikin labarin, da suna da fuska.

Saura mutumin da masu suka ke nufi. Masu kallo da dama sun ga kamannin Bal Thackeray a jikin Nagre: mutumin da ya kafa jam'iyyar Shiv Sena a 1966, bai taɓa riƙe muƙamin gwamnati ba, amma daga falonsa ake juya jihar Maharashtra. Magoya bayansa sun ɗauke shi uban talakawa mai share hawaye. Bayan rikicin Mumbai na ƙarshen 1992 da farkon 1993, wanda ya ci rayuka kusan 900, akasarinsu Musulmi, kwamitin bincike na Mai shari'a Srikrishna ya ɗora masa da jam'iyyarsa alhakin ingiza jama'a. Sai a watan Yulin 2000 aka kama shi kan rubuce-rubucen tunzurawa da jaridarsa ta buga a lokacin rikicin. A ranar alƙali ya kori ƙarar, bisa dalilin cewa wa'adin shigar da ita ya wuce. Jan ƙafar shari'a da ya kori talakan cikin fim zuwa ƙofar mai ƙarfi, shi ne ya buɗe wa mai ƙarfin na zahiri ƙofar fita. Thackeray ya rasu a watan Nuwamban 2012, gwamnati ta yi masa jana'izar ban girma, kuma ba a taɓa hukunta shi kan wancan rikici ba.